Babi na Shida: Cin Abinci a Napoli Ranar Hutu

Wannan babi na 'yan'uwanmu ne masu aiki a gonaki da masana'antun yankin Caserta da Castel Volturno, waɗanda kan shiga birnin Napoli ranar Asabar ko Lahadi. Da yawa sukan wuni da yunwa, ko su tsaya kan kebab kaɗai, saboda tsoron takardar abinci. Kada ku ji kunya. Wanda ya iya karanta sunansa zai iya karanta takardar nan. Ku ɗauko biro da littafi.

Darasi na 1: Wane gida za ku shiga?

Ku ɗaga kai ku karanta allon da ke saman ƙofa. In an rubuta PIZZERIA, gidan fiza ne. TRATTORIA gidan girki ne irin na iyali, kuɗinsa da sauƙi. RISTORANTE yakan fi tsada. Ku kwafi kalmomin nan uku, kowace sau biyar.

Daga tashar jirgin ƙasa ta Napoli Centrale ana iya takawa da ƙafa zuwa titin Via dei Tribunali, inda gidajen fiza suke jere. Gidan kirki ba ya ajiye yaro a ƙofa yana jan hannun masu wucewa. Takardar farashinsa tana manne a waje, jerin abincinsa gajere ne, kuma za ku ji masu jiran layi suna hira da Italiyanci. Inda aka baje hotunan abinci iri hamsin da harsuna biyar, na 'yan yawon buɗe ido ne, ku wuce.

Ku kula da agogo. Abincin rana yana farawa wajen 12:30, a rufe kicin wajen ƙarfe 3. Na dare sai 7:30. Wanda ya je ƙarfe biyar na yamma sau da yawa zai tarar da ƙofa a rufe. CHIUSO na nufin a rufe, APERTO a buɗe.

Darasi na 2: Ƙaramin layi

Wannan shi ne darasin da ya fi kowanne. Kada ku yi gaggawa a kansa.

Galibi abinci a takarda yana da layi biyu. Na sama, mai manyan haruffa, sunan abincin ne. Na ƙasa, mai ƙananan haruffa, shi ke faɗin abin da aka zuba ciki. Farashi kuma lamba ce a hannun dama. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su karanta suna, idonsu ya yi tsalle zuwa farashi, su bar ƙaramin layi. To, a ƙaramin layin nan naman alade yake ɓuya. Ku ɗora yatsa a kansa, ku bi shi kalma bayan kalma har ƙarshe.

Sunan alade da Italiyanci MAIALE, ana faɗinsa "mayale". Amma da wuya ku ga an rubuta haka, domin kowane yanki da sunansa. Ku rubuta waɗannan da jan biro: prosciutto, pancetta, guanciale, salame, salsiccia, mortadella, speck, lardo, cicoli, strutto. Dukkansu alade ne. Wani lokaci "cotto" ko "crudo" kawai za a rubuta, an taƙaita sunan prosciutto ne, shi ma alade. Ku sake karanta jerin da babbar murya. Ba laifi in harshe ya harɗe, ido muke so ya gane su.

Ga gwaji. Yatsa a kan ƙaramin layi.

MARGHERITA
pomodoro, mozzarella, basilico, olio

Tumatir, cuku, ganyen ƙamshi, man zaitun. Akwai kalmar jan biro? Babu. Madalla, wannan ana ci.

MARINARA
pomodoro, aglio, origano, olio

Tumatir, tafarnuwa, ganye, mai. Babu nama, babu cuku. Ita ma lafiya lau, kuma yawanci ita ce mafi araha.

DIAVOLA
pomodoro, mozzarella, salame piccante

Kalmomin farko biyu lafiya, shi ya sa mutane ke ɗauke yatsa a nan. Kada ku ɗauke. Ta uku salame ce. Masu son yaji sukan ruɗu da "piccante", su yi oda, sai fiza ta iso da jajayen yanka a kanta. Ba a mayar da ita, kuɗi ya tafi.

CAPRICCIOSA
pomodoro, mozzarella, funghi, carciofi, prosciutto cotto

Kun gani? Sai can kusa da ƙarshe ta fito. Wanda ya gaji a kalma ta huɗu ya faɗa. Yatsa har ƙarshen layi.

Wani abin lura: ƙananan lambobi irin su 1, 4, 7 da ake sawa kusa da abinci ba farashi ba ne. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta a nuna abubuwa 14 da kan tayar wa wasu ciwo, kamar alkama, kifi da madara. Alade ba ya cikin 14 ɗin nan. Saboda haka lambobin ba za su cece ku ba, sai ƙaramin layi.

Darasi na 3: In babu ƙaramin layi

Taliya sau da yawa suna kawai ake rubuta mata. Carbonara da amatriciana da guanciale ake yinsu. Ragù na Napoli, miyar nama da ake zuba wa taliya, akan dafa shi da alade haɗe da naman sa. Pasta e patate, taliya da dankali, a ido kamar babu nama, amma gidaje da yawa da pancetta suke fara suyar. Strutto ya fi su wuya: narkakken kitsen alade ne da ake murza wa ƙullu, ya ɓace ciki kamar gishiri a miya, ba a tsince shi a ajiye gefe. Yana cikin biskit ɗin taralli na Napoli, da burodin casatiello, da kayan zaƙin sfogliatella mai ɓawo-ɓawo da ake sayarwa da zafinta kusa da tasha.

Nan baki zai yi aikin yatsa. Jimloli huɗu ne:

Non mangio maiale. (Ba na cin alade.)
C'è maiale? (Akwai alade?)
C'è strutto? (Akwai kitsen alade?)
C'è vino? (Akwai giya?)

"C'è" ana faɗinta daidai da "ce" ta Hausa. "Sì" e ne, "no" a'a. Ku tambaya KAFIN ku yi oda. Kuma kada ku tsaya kan tambaya ta biyu, domin mai kawo abinci zai iya cewa babu maiale da zuciya ɗaya, shi tsokar nama yake tunani, bai lissafa prosciutto ko kitse ba. Ku ƙara: "Prosciutto? Pancetta? Strutto?"

Giya tana shiga shinkafar risotto, da taliya mai vongole (ƙananan halittun teku masu ɓawo), da kek ɗin babà wanda ake jiƙawa da rum. Kayan zaƙin tiramisù ma a tambaya.

Haba jama'a, wannan ba abin kunya ba ne! Mutum ya iya ciniki da ɗan kwangila kan kuɗin akwatin tumatir, amma ya zauna gaban yaro mai kawo abinci ya kasa buɗe baki? Wasu har yau suna nuna hoto da yatsa su ce "wannan". An faɗa, an maimaita, an rubuta a allo. Wanda bai haddace jimlolin nan huɗu ba kada ya wuce zuwa darasi na gaba. Ku tashi biyu-biyu, ɗaya mai gida ɗaya baƙo, ku yi ta yi har ta zauna. Za ku iya, in sha Allahu.

Mai son nama yankan Musulmi ya nemi allon HALAL, akwai su da yawa a kewayen Piazza Garibaldi, dandalin da ke gaban tashar jirgin ƙasa.

Darasi na 4: Kuɗi

A Italiya waƙafi ke raba yuro da santi: 6,50 yuro shida da rabi ne. COPERTO kuɗin zama ne, kan kowane mutum, galibi yuro 1 zuwa 3, ana rubuta shi can ƙasan takarda. A kan kifi in kun ga "all'etto", farashin giram 100 ne kawai. Kifi mai giram 400 a kan 6,00 zai tashi 24,00.

Lissafa: mutum biyu, margherita biyu a kan 6,00 kowace, ruwa 2,00, coperto 2,00. Amsa 18,00. Wanda ya samu 16,00 ya manta coperto na mutum na biyu.

In kun gama ku ce "Il conto, per favore" (a kawo lissafin kuɗi, don Allah), ku karɓi rasit.

Darasi na 5: Abincin titi

Pizza a portafoglio ƙaramar fiza ce da ake ninkewa huɗu a takarda, 'yan yuro kaɗan. Cuoppo di mare soyayyen kifi ne a takarda mai tsini. Pizza fritta (soyayyar fiza) da frittatina (soyayyar taliya) a tambaya, galibi akwai cicoli ko prosciutto a ciki.

Darasi na 6: Ruwa da kofi

Naturale ruwan sha ne zalla, frizzante mai gas. Kofi a tsaye ya fi na zaune araha, kuma akan fara biya a CASSA, wato wurin biyan kuɗi.

Aikin gida: ku ɗauki hoton takardar abinci ɗaya daga ƙofar wani gida, ku kwafi abinci biyar tare da ƙananan layukansu, ku ja layi da jan biro ƙarƙashin kowace kalmar alade, ku kawo ranar Asabar.