Shawara ga masu tafiya biki a mota

Jama'a, barkanmu da war haka. Ga masu shirin ɗaukar iyali da abokai a mota zuwa biki, ku lura da cikin direba. Abinci mai maiƙo da zaƙi akwai daɗi, babu musu, amma yana saukar da kasala, musamman tsakanin azahar da la'asar, lokacin da dama jiki ke neman barci. A ajiye masa kasonsa har a sauka, can ya ci ya more. A hanya ruwa da ɗan abin taɓawa sun ishe shi, kuma duk bayan awa 2 a tsaya ya miƙe ƙafa.

Guzuri kuwa, nan aka fi sakaci. Dafaffen nama, shinkafa da duk abin da aka haɗa da madara ko ƙwai, kada ya wuce awa 2 ba a cikin sanyi ba. In zafi ya haura digiri 32, awa 1 ce kacal. Kada a dogara da shinshinawa, don abinci kan lalace bai canza wari ko ɗanɗano ba. A zuba shi cikin kula mai ƙanƙara, a ajiye ta inda ake zaune, ba a but ɗin mota ba. Lemo da ruwa a ba su tasu kular daban, tunda yara ba sa gajiya da buɗe ta.

Yaron da mota ke juya wa ciki, a hana shi soye-soye da kallon waya, ya riƙa duban hanya ta gaba.