Matakan neman bizar karatu ta Birtaniya da sharuɗɗan aiki

Masu tambaya sun yi yawa a kan wannan, to ga yadda ake bi daki-daki.

1. Samu gurbin karatu a jami'ar da ke da lasisin ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen waje.
2. Karɓi lambar CAS daga jami'ar, wato lambar da ke tabbatar da ta ba ka gurbin karatu. Wata 6 take aiki.
3. Ajiye ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko da kuɗin zama na wata 9 a banki.
4. Bar kuɗin su yi kwana 28 a jere.

Hattara: a nan mutane suka fi faɗuwa. Ko rana ɗaya kuɗin suka gaza adadin da ake buƙata, lissafin ya koma farko. Takardar bankin kuma kada ta wuce kwana 31 ranar da za ka cika fom.

5. Yi gwajin tarin fuka a asibitin da hukumar Birtaniya ta amince da shi, in ƙasarku na cikin jerin ƙasashen da ake buƙatar gwajin. Na wani asibiti ba ya karɓuwa.
6. Cika fom a shafin gov.uk, amma kada ka cika shi sai ya rage wata 6 ko ƙasa da haka a fara karatu.
7. Biya kuɗin biza da na lafiya, wato IHS.
8. Je a ɗauki hotonka da zanen yatsu. Amsa kan fito cikin mako 3.
9. Da ka isa, kada aikinka ya wuce awa 20 a mako lokacin zango, in karatun digiri ne. A hutu an yarda ka yi cikakken lokaci. Sana'ar kai, ko ta intanet ce, haramun ce a wannan biza.
10. Kada ka nemi tallafin gwamnati irin su Universal Credit. Ba ka cikin masu haƙƙi, kuma karɓa na iya jawo a soke bizar.