Kurakuran da ake yi kan mazarin nan mai baƙin zane a fiffike

Masu ɗaukar hoton mazari a bakin dam ɗin Lagdo ko na Maga a arewacin Kamaru, akwai abin da kuke ta maimaitawa. Wannan ƙaramin da yake tashi ƙasa-ƙasa yana bin ƙafar mutum da ta shanu (ba sonka yake ba, ƙwarin da kake tayarwa yake kamawa), da an ganshi sai a rubuta sunansa na kimiyya Brachythemis leucosticta a wuce. To tsohon littafi ne ya jawo haka. A 2009 masana biyu, Dijkstra da Matushkina, suka nuna ashe jinsi biyu ne aka haɗa a suna ɗaya, na arewa shi ne Brachythemis impartita, wanda ya bazu daga Sahel har arewacin Afirka da kudancin Sifen, shi kuma leucosticta ya fi yawa ta kudu, kuma akwai wuraren da suke haɗuwa. Saboda haka in littafinka ya girmi 2009 kar ka dogara da sunan da ke ciki. Hoto daga nesa ma ba ya raba gardama, ka samu namijin da ya balaga ka ɗauke shi kusa, ta sama da ta gefe, in bambancin bai fito ba ka rubuta Brachythemis kawai ka tsaya nan.

Sai masu ganin mai ruwan ɗorawa mara zane su ce sun samo sabon iri. Yawanci macen ce ko namijin da bai gama girma ba, shi namijin baƙin da zanen daga baya suke zuwa masa.

Wanda ya fi damuna shi ne na cewa tunda IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa su biyun a jerin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu, to mazari lafiya lau yake. Haba dai. Waɗannan biyun masu jure wahala ne, bakin ruwa tsirara da shanu suka tattake ma ya ishe su, shi yasa dam yake musu daɗi. Amma a 2021 da aka tantance jinsin mazari 6,016 na duniya, kashi 16 cikin ɗari suna cikin haɗarin ƙarewa, galibi saboda fadamu da ake busarwa da maganin feshi, tunda 'ya'yan mazari cikin ruwa suke girma kafin su yi fiffike. In kaje bakin kogin Logone ko na Binuwai kar ka ƙirga yawansu kaɗai, ka ƙirga iri nawa ka gani, ka rubuta wuri da wata.