Idan ƙungiya ta ƙi dawowa fili bayan taim-awut

A dokar FIBA (hukumar ƙwallon kwando ta duniya), wadda ake bi a gasannin ƙwallon kwando na Najeriya da Nijar, taim-awut, wato ɗan hutun da koci ke nema don ya gana da 'yan wasansa, minti 1 ne cak. Mai kula da lokaci zai danna ƙararrawa a sakan 50, ya sake dannawa idan mintin ya cika. Aikinka na alƙalin wasa daga ƙararrawar farko yake farawa. Matsa kusa da bencin, ka bari koci ya gan ka. Yawancin rigimar jinkiri daga nan take tasowa: alƙalai na can tsakiyar fili suna hira, koci kuwa ya durƙusa yana ta zane a allonsa.

Minti na cika, busa usur, ka yafito ƙungiyoyin biyu. Wadda ta noƙe, kocinta za ka yi wa gargaɗi, baki da baki, yadda teburi (masu rubuta maki da kula da lokaci) zai shaida. In ya yi kunnen uwar shegu, sai a caje ƙungiyar ƙarin taim-awut guda. Sai in ba ta da saura ne ake kaiwa ga tekinikal, wato laifin rashin ɗa'a, a rubuta wa koci alamar B1 a takardar wasa, abokan hamayya su yi jifa ɗaya daga layi, wasa ya ci gaba daga inda ya tsaya. Sabbin alƙalai kan tsallake matakin tsakiyar su daka tekinikal kai tsaye, kuma kuskure ne. Shi ya sa dole ka riƙe lissafin taim-awut na kowace ƙungiya a ka: 2 kafin hutun rabin lokaci, 3 bayansa, 1 a kowane ƙarin lokaci. Tambayi teburi tun ana cikin hutun, kada ka bari sai rigima ta kaure.

Makara bayan hutun rabin lokaci ma taim-awut ake cajewa, amma ba a ba su mintin, nan take ake ci gaba.

Kada ka ari salon makarantun sakandaren Amurka da ake gani a bidiyo. A dokar hukumar wasanninsu, NFHS, idan masu jefo ƙwallo daga waje ba su fito ba, alƙali na ajiye ta a ƙasa ya fara ƙirga sakan 5, in ya cika ƙwallo ta koma hannun ɗaya ƙungiyar. A wasan FIBA ba ka da wannan hurumin, kuma kocin da ya san doka zai ƙalubalance ka a kai.