Kurakuran da Na Gaji da Gani a Binciken Tsaron Intanet

Ranar Juma'ar da ta wuce, muna fitowa daga masallaci a Agege, wani ƙanenmu ya tare ni da kwamfuta a hannu. "Yaya, don Allah duba mini babi na huɗu na bincikena kafin in kai wa malam." A kan bayan mota muka buɗe ta. Ban kai shafi na uku ba na ga abin da na gani bara, na kuma gani bara waccan. Shi ne na shida a bana. Bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tare ni sai in tura masa.

Zan fara da wanda ya fi ƙona mini rai, domin ni ma na tafka shi: ka goge sunan mutum, ka ɗauka ka ɓoye shi ke nan.

Lokacin da nake digiri na biyu, bincikena a kan yadda 'yan damfara ke cutar masu POS da 'yan canji ta waya ne. Wata huɗu ina zirga-zirga tsakanin Agege, Mile 12 da Idi-Araba, ina zama da mutanenmu a bakin shago. Sun saki jiki da ni saboda ɗan gida ne, wasu ma sun san mahaifina. Na yi musu alkawarin ba wanda zai san wa ya faɗi me. Na cire sunaye, na sa lambobi. Ranar gabatar da aiki a sashenmu na haska jadawali a bango: mutum na 17, ya haura shekara 60, asalinsa gari kaza a Jigawa, sana'arsa canji, an kwashe masa kuɗi bayan ya karanta wa wani lambar sirri a waya. Wani ɗalibi ɗan unguwar, daga can baya, ya ce, "Kai, ai Alhaji wane ne!" Kafin magariba magana ta kai majalisa. Ashe dattijon ko iyalinsa bai gaya wa ba, ni kaɗai ya gaya wa. Da na je ban haƙuri bai yi faɗa ba. "Ɗana, Allah ya ba ka digirin naka," iyakar abin da ya ce ke nan. Daga ranar ba wanda ya sake ba ni hira. Na sauya batu, shekara guda ta tafi a banza, kuma har yau kaina a sunkuye nake wuce layinsu.

Abin takaicin, an daɗe da sanin wannan, ni ne ban karanta ba. A 1997 wata mai bincike a Amurka, Latanya Sweeney, ta sayi rajistar masu zaɓe a kan dala 20, ta haɗa ta da bayanan asibiti da aka goge wa suna, ta zaƙulo fayil ɗin William Weld, gwamnan jihar Massachusetts. Daga baya ta lissafa cewa kashi 87 cikin 100 na mutanen Amurka ana iya gane su da abu uku kacal: ranar haihuwa, jinsi, da lambar gidan waya ta unguwa. Netflix ya saki bayanan masu kallonsa a 2006 ba suna, masu bincike biyu, Narayanan da Shmatikov, suka gwada su da sharhin da mutane ke yi a shafin fina-finai na IMDb, suka gano wasu. To wannan ƙasa ce mai ɗaruruwan miliyoyin mutane. Ina ga Hausawan Legas, inda kowa ya san garin kowa, da sana'arsa, da surukinsa?

Masu wayon cikinku kan ce mini, "Ai na yi wa lambobin waya hash." Hash wato juya lamba ta lissafi zuwa wasu haruffa da ba a gane su, amma mai gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya zai ga wadda ta dace. Lambar wayar Najeriya lamba 11 ce. In ka cire huɗun farko irin 0803, saura bakwai, wato miliyan 10 ne kawai za a gwada, kuma tsohuwar kwamfutarka ma za ta gama kafin shayinka ya huce. Haka aka yi wa bayanan tasi na birnin New York a 2014, an ɓoye lambobin motoci da MD5, wani nau'in hash, aka warware su.

Ga abin da nake yi yanzu, ban ce kowa ya yarda da shi ba. Ba na rubuta shekarun mutum, sai rukuni, kamar 50 zuwa 65. Garin asali ba na tambaya sam, sai in bincike ba zai yiwu ba sai da shi. Takardar da ke haɗa lamba da suna da biro nake rubuta ta, tana cikin akwati a gida, ba ta taɓa shiga kwamfuta ba. Kafin in haska kowane jadawali sai na nuna wa wani ɗan unguwar da na amince da shi, in ce, "Ka gane wani a nan?" In ya yi murmushi, layin ya fita. Doka ma ta shigo ciki: an sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a Yunin 2023, da hukumarta NDPC. Amma ni ba hukuma nake tsoro ba, idon dattijon nan nake tunawa.

Sai na biyu, mai kashi 99. Haba jama'a! Kowace shekara sai yaro ya zo yana washe baki, wai manhajarsa ta gano masu kutse da daidaiton kashi 99 da ɗigo kaza. Ka tambaye shi da wane tarin bayanai ya gwada, ya ce KDD Cup 99. Bayanan nan daga gwajin 1998 na DARPA, hukumar binciken tsaro ta Amurka, aka samo su, lokacin ba a haifi yawancinku ba, ko layin GSM bai zo Najeriya ba sai 2001. A 2009 masu bincike a Jami'ar New Brunswick ta Kanada suka nuna kusan kashi 78 na bayanan horarwar maimaici ne, shi ya sa suka fitar da NSL-KDD, wanda aka cire wa maimaicin. Manhajarka hadda ta yi, kamar almajirin da aka ja masa baƙin da ya wanke jiya. Kuma ko da bayanan masu kyau ne, yi lissafin nan: cikin saƙonni 10,000, guda 100 ne na hari. Manhajar da ba ta san komai ba, kullum tana cewa "lafiya lau", ta ci kashi 99, ba ta kama ɓarawo ko ɗaya ba. Ni ma wani farfesa mai jarrabawa daga waje ya taɓa titsiye ni da tambaya guda: "Cikin hare-haren, nawa ka kama, kuma sau nawa ka yi ihun ƙarya?" Na tsaya ina zufa a ɗaki mai sanyi. Kawo waɗannan alƙaluman biyu tun kafin a tambaye ka. Yi amfani da tarin bayanai na baya-bayan nan kamar UNSW-NB15 ko CICIDS2017, su ma ka bincika maimaici da kanka, kada ka yarda da kowa.

Izini kuma a rubuce. "Oga ya ce ba komai" ba takarda ba ce. Ka kunna Nmap, manhajar laluben ƙofofin kwamfutoci ta intanet, daga ɗakin kwanan ɗalibai kana laluben shafin makaranta ko na banki, dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana jiranka, kuma bayanin kyakkyawar niyyarka a caji ofis za ka yi shi. Manya ma sun sha: a Afrilun 2021 masu kula da Linux, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da kowa ke iya tura wa gyara, suka hana Jami'ar Minnesota baki ɗaya tura gyara, saboda wasu masu bincikenta sun gwada cusa gyara mai ɓaraka ba tare da sanar da kowa ba.

Sauran ƙanana ne. Kada ka nemi NIN ko BVN na kowa a Google Forms, ba ruwan bincikenka da su. Takardar amincewa da Turanci ga wanda bai yi boko ba yaudara ce, karanta masa da Hausa, ka bar shi ya yi tambaya. Muguwar manhaja a cikin VirtualBox, wato kwamfutar gwaji ta manhaja, ake gwada ta, a katse mata intanet, ba a kwamfutar da babinka yake ba. Mujallar da ta karɓi maƙalarka cikin kwana uku ta turo lambar asusu, kuɗinka take so.

In kwamfuta ta lalace za ka kai ta gyara Ikeja, cire ma'ajiyar bayanan ka sa a aljihu tukuna, ko aƙalla ka kulle fayilolin da manhajar VeraCrypt. Ƙanen nan na Agege da na tambaye shi, ya ce sau biyu tasa tana kwana a wurin mai gyara, da muryoyin mutum 30 a ciki, kuma kalmar sirrinsa sunan ƙanwarsa ce.