Yadda Marubucin Waƙa Zai Mayar da Baitinsa Fim a Yukren

A Yukren ba abin mamaki ba ne a ga marubucin waƙa yana rubuta fim. Iryna Tsilyk, 'yar Kyiv da aka haifa a 1982, tana wallafa waƙoƙi kuma tana ba da umarni, har ta karɓi kyautar darakta a bikin fina-finai na Sundance na 2020. Sai dai takardar waƙa da ta fim ba ɗaya ba ce, kuma a nan ne yawancin masu farawa suke tuntuɓe.

Fara da agogo. Karanta waƙar da ƙarfi, ka auna. Baiti mai layi 20 ba ya wuce minti ɗaya da rabi idan an karanta a natse. A rubutun fim kuwa, da harafin Courier mai girma 12, shafi ɗaya minti ɗaya ne. Ke nan fim na minti biyar shafi biyar ne, kuma mafi yawansa ba magana.

Kowace fitowa a sa mata kai: ciki ko waje (marubutan Yukren suna rubuta INT. da NAT.), wuri, dare ko rana. A ƙarƙashinsa, abin da kyamara za ta gani kawai. "Tana kewar ɗanta" ba ya ɗaukuwa. Rubuta cewa ta ɗora kofi biyu a tebur, ta tsaya, ta mayar da ɗaya. Wannan gyaran shi ne rabin aikin, kuma yana da ciwo, domin layin da ka fi so shi ake fara yankewa. Kada kuma hoto ya riƙa maimaita kalma: in murya ta ce dusar ƙanƙara, allo ya nuna dusar ƙanƙara, mai kallo ya ji abu ɗaya sau biyu, hankalinsa ya tafi.

Kula da dokar harshe ta 2019. Fim ɗin da aka shirya a Yukren ana nuna shi da Yukreniyanci, maganar wasu harsuna kada ta haura kashi 10 cikin 100, kuma a fassara ta a ƙasan allo. Ƙirga wannan tun a takarda, kafin ɗauka.

In waƙar ta wani ce, nemi izini a rubuce. Haƙƙin mallaka yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Neman kuɗi a Derzhkino, hukumar fina-finan ƙasar, ko Asusun Al'adu na Yukren da aka kafa a 2017, yana buƙatar taƙaitaccen labari, kasafi da wannan takardar izinin.