Yadda Za Ka Tunkari Kotu Idan Aka Kama Ka da Gudun Wuce Kima a Babbar Hanyar Birtaniya

Ka dawo daga aiki ka tarar da ambulan a bakin ƙofa, ka buɗe ka ga tambarin 'yan sanda, ga lambar motarka, ga rana da lokaci, an ce kyamara ta ɗauke ka a kan babbar hanyar M1 ko M6 kana mil 103 a awa. Abin da zai fara faɗo maka a rai shi ne ko za a hana ka tuƙi. Eh, ana iya hana ka, kuma daga mil 101 zuwa sama ka shirya kamar za a yi ɗin. Amma ba dole ba ne, kuma yadda ka bi da takardun da za su biyo baya yana da tasiri sosai a kan abin da za a yanke. Bayanin nan ya shafi Ingila da Wales ne, Scotland tana da nata tsarin kotuna.

Mataki na farko: amsa takardar cikin kwana 28

Takardar farko sanarwa ce cewa ana niyyar gurfanar da kai, ita ake kira NIP, kuma doka ta ce a aika wa mai rajistar motar cikin kwana 14 daga ranar laifin. Tare da ita akwai fom mai tambayar wanda yake tuƙi a lokacin. Kwana 28 kake da su ka cike ka mayar. Kada ka jefa ta a aljihun mota ka ce sai ka samu sarari. Rashin amsawa laifi ne mai zaman kansa, maki 6 ne na hukunci da ake rubutawa a lasisi da tarar da za ta iya kai fam 1,000, wato ya fi gudun kansa tsada a lokuta da dama. 'Yan uwanmu ɗalibai da ma'aikatan jinya suna yawan sauya gida, su manta ba su sauya adireshi a takardar motar da ke wajen DVLA, hukumar lasisin tuƙi da rajistar motoci, ba, sai takardu su yi ta zuwa tsohon gida har a yanke hukunci ba su sani ba. Ka gyara adireshin yau.

Ina roƙonka da girman Allah kada ka rubuta sunan wani. Akwai masu ba da shawarar ka sa sunan matarka, ko na ƙaninka da ya zo ziyara ya koma gida. Wannan karkatar da shari'a ne, kuma gidan yari ake zuwa a kansa. Chris Huhne tsohon minista ne a gwamnatin Birtaniya, tsohuwar matarsa ta karɓi makinsa na gudun da ya yi a 2003, shekara goma bayan haka, a 2013, aka ɗaure su wata takwas-takwas.

Mataki na biyu: gane rukunin da gudunka ya faɗa

Iyakar gudu a babbar hanya mil 70 ne a awa, kusan kilomita 113. Wanda ya ɗan haura kaɗan, galibi har zuwa mil 86, ana iya ba shi damar zaman kwas na wayar da kai idan bai yi irinsa ba cikin shekara uku. In ba haka ba, tarar fam 100 da maki 3, ba sai an je kotu ba. Daga wajen mil 96 ne 'yan sanda suka saba miƙa magana ga kotun majistare.

A kotu akwai jadawalin da alƙalai ke bi. Mil 71 zuwa 90, maki 3 da tarar kusan rabin abin da kake samu a mako. Mil 91 zuwa 100, maki 4 zuwa 6 ko dakatarwa ta kwana 7 zuwa 28, da tarar kuɗin mako guda. Mil 101 zuwa sama, wato kilomita 163, maki 6 ko dakatarwa ta kwana 7 zuwa 56, da tarar kuɗin mako ɗaya da rabi, wadda aka ɗaga zuwa haka a Afrilun 2017. Idan gudun ya yi muni ƙwarai, kotu na iya wuce kwana 56. Tarar babbar hanya ba ta haura fam 2,500.

Ka lura da allunan lantarki da ke saman hanya. Idan suka nuna 50 a cikin jan da'ira, to 50 ce doka a wannan lokacin, kuma a nan mil 76 kawai ya isa ya jefa ka rukuni mafi tsanani. Wannan yana cin mutane da yawa da daddare, hanya fayau, mutum ya ga babu dalilin rage gudu.

Mataki na uku: duba makin da ke kanka tun kafin nan

Nan ne maganar take, domin sau da yawa makin ya fi gajeriyar dakatarwa ciwo. Duk wanda ya tara maki 12 cikin shekara uku, dakatarwar aƙalla wata shida ce ke jiransa. Ke nan mai maki 6 a kansa, idan aka ƙara masa 6, ya tafi rabin shekara babu tuƙi, alhali mai tsaftataccen lasisi da ya yi gudu iri ɗaya yana iya fita da mako biyu ko uku.

Sabon direba kuma nasa ya fi tsauri. Idan bai cika shekara biyu da cin jarrabawar tuƙi ba ya tara maki 6, za a soke lasisin, ya koma ɗan koyo, ya sake jarrabawar rubutu da ta hanya. Wasu kan roƙi kotu ta ba su dakatarwa maimakon maki don kauce wa wannan, amma jagorar alƙalai ta ce galibi bai dace a amince ba. Mai tuƙi da lasisin Najeriya a wata goma sha biyunsa na farko shi ma bai tsira ba, ana buɗe masa rajista a DVLA a rubuta makin.

Mataki na huɗu: takardar kotu da bayanin kuɗin shigarka

Takarda ta gaba za ta ba ka kwana 21 ka ce ka amsa laifi ko ba ka amsa ba. In ka san ka yi gudun, ka amsa da wuri, ana rage kashi ɗaya cikin uku na tarar. Ka cike fom ɗin kuɗin shiga da gaskiya, don in ka bar shi fanko kotu za ta yi maka ƙiyasi da kanta. Misali, mai samun fam 400 a mako da aka kama a mil 103, tararsa za ta fara daga fam 600, amsa laifi ya mayar da ita 400, sai a ɗora kashi 40 cikin ɗari na asusun tallafa wa waɗanda laifuka suka shafa, fam 160, sannan kuɗin shari'a.

A ganina, duk wanda ya haura mil 100 ya nemi zuwa kotu da ƙafarsa, kada ya tsaya a wasiƙa. In kuma abincinka a kan sitiyari yake, tasi ko kai kaya ko zagayen kula da tsofaffi a gidajensu, kuɗin lauyan da ya san shari'ar hanya ba asara ba ne.

Mataki na biyar: ranar zama

Kada ka tuƙa mota zuwa kotu. Dakatarwa tana fara aiki ne daga lokacin da aka furta ta, motarka za ta kwana a wurin ajiya. Ka hau bas ko wani ya kai ka, ka isa da wuri, ka sa tufafi na mutunci.

Idan aka ba ka dama ka yi magana, ka taƙaita. Ka amsa cewa ka yi kuskure, ka faɗi shekarun da ka yi kana tuƙi babu laifi, da yanayin hanyar a ranar in ya taimake ka, sannan ka nuna wa zai wahala in aka hana ka. Ka zo da shaida a rubuce: wasiƙa daga wurin aiki, takardar asibitin yaron da kake kaiwa, jadawalin bas da ke nuna babu motar da za ta kai ka aikin asuba. Cewa ka makara ko kowa ma gudu yake yi ba ya amfanar da kai. Ruwan sama, cunkoso, fasinjoji a mota ko wucewa kusa da masu gyaran hanya duk suna ƙara nauyin laifin.

Mai fuskantar wata shida saboda maki 12 yana da ƙofa ɗaya, ya gamsar da kotu, bisa rantsuwa, cewa dakatarwar za ta jawo wahala ta musamman. Rasa aiki kaɗai ba lallai ya isa ba, alƙalai sun fi sauraron wahalar da za ta faɗa kan wasu, kamar iyali ko mara lafiyan da ya dogara da kai. Kuma hujjar da ka yi amfani da ita ba za ka sake kawo ta ba sai bayan shekara uku.

Mataki na shida: bayan hukunci

In an dakatar da kai, ko zuwa masallaci a bayan layi kada ka tuƙa, tuƙi cikin dakatarwa yana iya kai mutum gidan yari har wata shida. Dakatarwar da ba ta kai kwana 56 ba, in ta ƙare sai ka ci gaba da lasisinka. Daga kwana 56 zuwa sama sai ka nemi sabo daga DVLA kafin ka taɓa mota. Laifin yana zama a rajistarka shekara huɗu da lambar SP50, kamfanonin inshora kuma sukan tambayi na shekara biyar, ka gaya musu. Direban tasi ya sanar da ƙaramar hukumar da ta ba shi izini. Kuma tunda hukuncin kotu ne, ranar da za ka cike takardar neman zama na dindindin ko ta zama ɗan ƙasa, ka rubuta shi a inda aka tambaya, ka ajiye takardar hukuncin da rasiɗin biyan tarar tare da fasfonka.